Idon da tabarau ba ya gyarawa: Daga Abbaganaram zuwa teburin inshorar lafiya a Abuja

A duk lokacin da aka kafa rumfar duba ido kyauta a wata unguwa ta Maiduguri, ko ta ɗan majalisa ce ko ta ƙungiyar agaji, kafin la'asar jama'ar da ke layi sun rabu kashi uku. Akwai dattawan da ake rubuta wa takardar aikin yanar ido. Akwai waɗanda suka haura shekara arba'in, waɗanda ƙananan rubutu suka fara yi wa dishi-dishi. Su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi komawa gida da murna, domin tabarau na karatu kan share musu hawaye nan take.

Kashi na uku ba su da yawa, kuma ba a cika ganin fuskokinsu a hotunan da ake aikawa Abuja ba. Galibinsu matasa ne, daga 'yan shekara goma sha zuwa talatin. Ana ɗora musu gilashi bayan gilashi a gaban ido, suna cewa da ɗan sauƙi amma bai fita ba, har mai aunawa ya ba su wanda ya fi dama-dama ya kira na gaba. A rahoton da za a rubuta, an lissafa su cikin waɗanda suka amfana. A gida kuwa tabarau ɗin aljihu yake komawa, domin har yanzu fitilar Keke Napep da dare wutsiya take yi musu, harafi ɗaya a allon makaranta kuma biyu suke ganinsa.

Abbaganaram, tsohuwar unguwa mai cunkoson jama'a a cikin birnin Maiduguri, wuri ne da ya dace a auna wannan magana da shi. Unguwa ce ta masu cin abinci da ido: teloli, masu ɗinkin hular hannu, masu gyaran waya, direbobi, ɗaliban boko da na tsangaya. Ba ta rasa kulawar hukuma baki ɗaya ba, domin cibiyar kula da lafiyar mata masu juna biyu ta Abbaganaram na cikin ayyukan gwamnatin Babagana Umara Zulum da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a ziyararsa ta watan Yunin 2021. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, mai sashen kula da ido, yana cikin gari ɗaya da ita. Amma abin da matashin kashi na uku yake buƙata wani ɗan faifai ne mai tauri wanda faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba, ana ɗora shi a kan ƙwayar ido. Tsakaninsa da wannan faifai akwai awo, akwai ƙura, akwai ruwa, akwai kuma wata jimla guda a cikin ƙa'idojin inshorar lafiya.

Bayan ƙwarya, bayan cokali, da malafa

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai da likitoci ke kira koniya. Faɗinsa kamar milimita 12 ne, kaurinsa a tsakiya ya ɗan haura rabin milimita, amma shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido. Ƙarfinsa a ma'aunin masu tabarau wajen dayofta 43 ne. A ido mai lafiya, lanƙwasar wannan tantani kusan ɗaya ce ta kowane ɓangare, kamar bayan ƙwarya. Idan ya fi lanƙwasa ta wata fuska fiye da wata, kamar bayan cokali, hasken da ya shiga ba ya haɗuwa a wuri guda. Wannan shi ne astigmatizim, wato karkacewar tantanin ido. Mai shi kan ga abu na kusa da na nesa duka a miƙe ko da inuwa, yakan ƙanƙance ido don ya karanta, kuma ciwon kai kan biyo bayan doguwar zama gaban takarda ko kwamfuta.

Ma'aikacin da ke da takardar awon tabarau a aljihu zai iya dubawa. Idan akwai lamba a ƙarƙashin inda aka rubuta CYL, yana da wannan karkacewa, lambar da ke ƙarƙashin AXIS kuma, wadda ba ta wuce 180, ita ke nuna fuskar da ta karkata. Abu ne da ya zama ruwan dare, kuma an daɗe da saninsa. Thomas Young na Ingila ya bayyana shi a idonsa na kansa a 1801, sannan masanin taurari George Airy ya sa aka yanka masa gilashin da ya gyara nasa a shekarun 1820. Mafi yawan masu wannan lalura tabarau ya ishe su, ba su da buƙatar wani abu dabam.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Bayan cokali, duk da bambancin lanƙwasarsa, yana da tsari, saboda haka ana iya yanka gilashin da zai daidaita shi. Amma akwai tantanin da ya rasa tsari gaba ɗaya: nan tudu, can kwari. Tabon da ƙyanda ko gyambon ido ko rauni ya bari na iya jawo haka, kuma Borno, bayan shekaru fiye da goma sha biyar na rikici, ba ta rasa masu raunin ido ba. Sai kuma cutar da ake kira keratokonas, wadda likitan Ingila John Nottingham ya yi wa cikakken bayani a 1854. A cikinta tantanin yakan yi ta sirancewa yana turowa gaba, har ya yi tsini kamar malafa. Takan fara a shekarun balaga, ta yi ta ci gaba zuwa wajen shekara talatin ko arba'in, kuma sau da yawa ido ɗaya ya fi ɗaya lalacewa. Babu gilashin tabarau da za a yanka ya daidaita malafa.

An daɗe ana ɗaukar cutar a matsayin wadda ba a cika samu ba. Wani bincike da aka yi a jihar Minnesota ta Amurka, aka wallafa a 1986, ya sa ta a kan kusan mutum ɗaya cikin 2,000. Da na'urorin awo suka inganta sai lissafin ya sauya: a 2017 masu bincike a ƙasar Holan suka samu ɗaya cikin 375, a 2018 kuma wani bincike kan yara da matasa a birnin Riyad na Saudiyya ya samu kusan kashi biyar cikin ɗari. Ba za a ɗauki lissafin Riyad a liƙa wa Maiduguri ba, amma garuruwan biyu sun yi tarayya a zafin rana da bushewar iska da ƙura, kuma waɗannan su ke hura wutar abin da aka fi dangantawa da cutar, wato yawan murza ido.

Duk malamin firamare a Arewa ya san yaran nan masu ƙaiƙayin ido, waɗanda farin idonsu ya rine ya koma ruwan ƙasa, kullum bayan hannu na kan ido. Rashin jituwa ce tsakanin idon da ƙura da ƙwayoyin furanni, kuma takan lafa bayan balaga. Sai dai shekarun da yaro ya kwashe yana dirzar idonsa na iya raunana tantanin. Iyaye kan je kemis su sayo maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid, wanda ke kashe ƙaiƙayin cikin kwana biyu, shi ya sa ake komawa a ƙara saya. Idan aka daɗe ana ɗiga shi ba da kulawar likita ba, yana iya haddasa hawan jinin ido ko yana. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Hawaye ne ke yin aikin

Kwantak, wato gilashin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, iri biyu ne manya. Wanda aka fi sani a kasuwa shi ne mai laushi, irin wanda masu kwalliyar amare ke sa wa amarya don sauya launin ido. Mai laushi yakan kwanta ya bi siffar tantanin kamar jiƙaƙƙen ƙyalle a kan dutse, saboda haka idan tantanin na da tudu da kwari, shi ma sai ya yi tudu da kwari. Akwai nau'insa da aka ƙera don karkacewa mai tsari, kuma yana aiki, amma da sharaɗin kada ya juya. Idan ya goce da digiri goma, kusan kashi ɗaya cikin uku na gyaran ya tafi. Idan ya goce da digiri talatin, kamar ba a gyara komai ba.

Mai tauri ba ya bin siffar kowa. Yana riƙe da tasa lanƙwasar mai santsi, hawaye kuma su cika ratar da ke tsakaninsa da tantanin. Hikimar tana nan: yadda hawaye ke karya haske ya yi kusa ƙwarai da yadda tantanin ke karya shi, 1.336 da 1.376 a ma'aunin masana. Don haka hasken da ya shigo kusan ba ya lura da tudu da kwarin da ke ƙasa, sabuwar fuskar gilashin kawai yake gani. Kimanin kashi tara cikin goma na karkacewar da ke gaban tantanin kan ɓace ta wannan hanya. Mai shafe bango da ya cike ramuka da siminti ya bi da cokalinsa ya san wannan aiki. Shi ya sa matashin da ya kasa karanta layi na uku a allon gwaji da tabarau, yana iya sauka har layukan ƙasa cikin mintunan da aka ɗora masa kwantak na gwaji.

Tunanin ya girmi na mai laushi nesa ba kusa ba. A 1888 Adolf Fick a birnin Zurik da Eugène Kalt a Faris, kowa a nasa ɓangaren, sun gwada ƙoƙon gilashi na ainihi a kan idanun masu lalacewar tantani, sai dai ba a iya jure shi fiye da 'yan sa'o'i. A 1948 Kevin Tuohy na Amurka ya fito da ƙaramin faifan roba mai tauri da ke zama a kan tantanin kaɗai. Matsalarsa ita ce ba ya barin iska ta ratsa, alhali tantanin ido ba shi da jijiyar jini, daga iska kai tsaye yake shan oksijin ta cikin hawaye. A shekarun 1970 ne masanin sinadarai Norman Gaylord ya haɗa robar da silikon, aka samu abin da ke da tauri kuma iska na ratsa shi. Daga nan sunan ya samo asali: kwantak mai tauri mai shan iska, wanda ake taƙaitawa da RGP a takardun asibiti.

Awo, ba saye ba

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aiki ƙima ba ta wadatarwa, sai an kawo mudun. Bambancin milimita 0.05 a lanƙwasar bayan gilashin na iya raba wanda ya zauna daidai da wanda zai riƙa gogar ido.

Mai auna ido yakan fara da duba lafiyar fatar ido da yawan hawaye da tsabtar tantanin, domin idon da ke fama da ƙaiƙayi mai tsanani sai an fara kwantar da shi. Sannan a auna lanƙwasar. Tsohuwar na'urar awo, wadda Javal da Schiötz suka daidaita a 1881 kuma har yau tana aiki a asibitoci, tana auna ɗan wuri ne kawai mai faɗin kamar milimita uku a tsakiya. Ta isa ga karkacewa mai tsari. Ga mai tsini kuwa ana son na'urar da ke zana taswirar tantanin baki ɗaya da launuka, ja a inda ya yi tudu, shuɗi a inda ya kwanta. Asalinta faifai ne mai zobba fari da baƙi da likitan Fotugal António Plácido ya ƙirƙiro a 1880: a haska zobban a kan ido, idan suka dawo a zagaye lafiya lau, idan suka dawo a murɗe akwai magana.

Daga nan sai akwatin gwaji, mai ɗauke da kwantak masu lanƙwasa daban-daban. A zaɓi wanda ya fi kusa da awon a ɗora, a jira hawayen farko su lafa, a taɓa idon da wata 'yar takarda mai rinin fulorosin, sannan a duba da shuɗin haske a na'urar duba ido. Hawayen da ke ƙarƙashin gilashin sai su yi kore shar. Inda koren ya taru, gilashin ya yi nisa da tantanin. Inda ya yi duhu, yana taɓawa. Idan koren ya cika tsakiya kuma gilashin ya ƙi motsi, ya matse, hawaye ba za su riƙa sauyawa a ƙarƙashinsa ba. Idan tsakiya ta yi baƙi, gefe ya ɗaga, gilashin na zamewa ƙasa, ya yi sako-sako. Abin da ake nema shi ne kore mai laushi da ya bazu daidai, da siririn zobe mai haske a baki, da motsi na milimita ɗaya zuwa biyu a kowane ƙiftawa.

Idan karkacewar ba ta wuce dayofta biyu zuwa biyu da rabi ba, gilashi mai lanƙwasa ɗaya kan wadatar. Idan ta wuce haka sai ya riƙa lilo a kan idon kamar faranti a bayan cokali, rinin ya nuna wani duhu a kwance daga gefe zuwa gefe. A nan sai a yanka gilashin da bayansa ke da lanƙwasa biyu don ya hau tantanin kamar sirdi a bayan doki. Wani lokaci kuma karkacewar ba daga tantanin take ba, daga madubin da ke can cikin ido ne, wanda hawaye ba sa kaiwa gare shi. Irin wannan sai an sa gyaran a fuskar gilashin, a kuma ƙara wa ƙasansa nauyi don kada ya juya. Ga mai tsini, ƙa'idar ita ce kada a danne kan malafar. A bar gilashin ya ɗan shafe ta kawai ko ya tsallake ta, domin danna ta na iya barin tabo a daidai inda ake gani.

Bayan an gamsu da zaman gilashin, a auna ƙarfin da ya rage a kansa, a aika da lambobin ga masu yankawa. Kowane ɗaya da injin sassaƙa ake fitar da shi don ido guda, ba a tara su a kanti. Idan ya iso, a koya wa mai shi sawa da cirewa da wankewa, sannan ya fara da sa'o'i kaɗan a rana yana ƙarawa. Makon farko da na biyu ba daɗi: fatar ido na jin bakin gilashin, hawaye na zuba, haske na damu. A nan ne mutane da yawa ke saduda, musamman idan ba a gaya musu tun farko cewa haka abin yake kuma yana wucewa ba. Sai a dawo bayan mako ɗaya ko biyu, a dawo bayan wata, a dawo bayan wata uku ko shida. Ba abin mamaki ba ne a sake yanka gilashin sau ɗaya ko biyu kafin a dace. Idan an kula da shi yakan kai shekara ɗaya zuwa biyu.

Wajibi ne a faɗi abin da ba ya yi. Kwantak na gyara gani ne, ba ya tsayar da keratokonas. Abin da ke tsayar da ita wani aiki ne da likitocin birnin Dresden na Jamus suka wallafa sakamakonsa a 2003, inda ake jiƙa tantanin da sinadarin bitamin B2 a haska masa wani nau'in haske don ya ƙara ƙarfi. Yana da amfani ne idan an yi shi da wuri, kafin tantanin ya sirance da yawa. Wanda ya makara, yana iya kaiwa ga buƙatar dashen tantani.

Ƙura da ruwan garuwa

Littattafan koyar da wannan aiki ba a Maiduguri aka rubuta su ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na sauke ƙura a kan komai, daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, iska ta bushe ƙayau. Babban raunin ƙaramin kwantak mai tauri shi ne ƙwayar rairayi na iya shiga ƙarƙashinsa, tunda yana motsi. Wanda abin ya taɓa samu ba ya mantawa: zafi ne na nan take, dole a tsaya a cire, kuma ga direban da ke tsakiyar titi wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Bushewar iska kuma na sa gefunan tantanin da gilashin bai rufe ba su bushe su yi ja. Baƙin tabarau mai rufe gefe da maganin ɗigawa mai jiƙa ido na rage matsalar, ba sa kawar da ita.

Saboda haka ne babban nau'insa, wanda faɗinsa ke kamawa daga milimita 15 zuwa sama, ya fi dacewa da irin wannan yanayi. Shi ba ya taɓa tantanin sam. Yana tsallake shi kamar an kifa ƙoƙo, bakinsa ya zauna a kan farin ido, a cika cikinsa da ruwan gishirin asibiti marar sinadarin adanawa kafin a sa. Ƙura ba ta samun hanya, idon na cikin ruwa yini guda, kuma ba a cika jinsa ba. Amma ya fi tsada, aunawarsa ta fi wuya, kuma kullum sai an samu wannan ruwa mai tsabta.

Ruwa shi ne ɗaya matsalar, kuma ya fi ƙura haɗari. A cikin ruwan famfo da na rijiya da na randa akwai wata ƙwayar halitta, akantamiba, wadda ba ta cutar da mai sha, amma idan ta maƙale tsakanin kwantak da tantani tana iya cinye ido, kuma maganinta na ɗaukar watanni. Dokar ba ta da sassauci: ba a wanke kwantak da ruwan famfo, ko na leda, balle yawu. Sai da ruwan maganin da aka yi don shi, a wanke hannu da sabulu a tsane kafin a taɓa, a cire kafin wanka da barci, a rufe ido da kyau lokacin wanke fuska a alwala. A gidan da 'yan garuwa ke kawo wa ruwa a jarka, kiyaye wannan doka aiki ne na kullum. Ambaliyar 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta shafe unguwanni da dama ciki har da Abbaganaram, ta shiga asibitin koyarwa ta lalata na'urori, kuma a watan Oktoba gwamnatin jihar ta sanar da ɓarkewar kwalara. A irin waɗannan makonni shawarar da ta dace ga mai kwantak ita ce ya ajiye shi ya koma wa tabarau, komai rauninsa. Shi ya sa ba a ba mutum kwantak ba tare da tabarau na ko-ta-kwana ba.

Wannan doka ta shafi amare ma. Kwantak mai launi da ake saya a shagon kayan kwalliya, a sa da hannun da ya gama shafa hoda, wani lokaci a ara wa ƙawa, haɗarinsa ɗaya ne da na asibiti, sai dai shi ba wanda ya auna, ba wanda ya yi gargaɗi.

Jimlar da ke cikin ƙa'ida

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma Arewa maso Gabas ce ke kan gaba da kashi 6.1. Ya kuma nuna rashin tabarau shi ne babban abin da ke jawo raunin gani marar tsanani da matsakaici. Da wannan hujja, babu laifi a ce gwamnati ta fi mai da hankali ga aikin yana da rabon tabarau, kamar shirin JigiBola 2.0 na gwamnatin Bola Tinubu mai burin raba miliyan biyar. Majalisar Lafiya ta Duniya ma a 2021 ta sa wa ƙasashe burin ƙara maki 40 cikin ɗari a yawan masu samun gyaran gani kafin 2030. Sai dai burin ya ce gyara mai inganci, ma'ana mutum ya gani da abin da aka ba shi. Kuma wancan bincike daga shekara 40 ya fara ƙidaya, alhali keratokonas tana gama ɓarnarta kafin wannan shekara.

Ma'aikacin tarayya na da nasa ruwan a ciki. Tsarin inshorar lafiya na ma'aikata ya ƙunshi ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ƙa'idojin da tsohuwar hukumar NHIS ta shimfiɗa sun amince da duba ido da tabarau mai sauƙin kuɗi, amma sun fitar da kwantak ƙarara. Ana iya fahimtar dalili: an ɗauke shi kayan ado ne ko son jin daɗi, kuma ga mafi yawan masu sa shi haka ne. Jimlar dai ba ta bambanta amarya mai son idon mage da ɗalibin da ba zai iya karanta takardar jarrabawa ba sai da shi. Haɗa wannan da iyakar shekara 18, sai a ga yaro na fita daga inshorar mahaifinsa a daidai lokacin da cutar ke kan ganiyarta. A Ingila, hukumar lafiya ta NHS ta raba biyun: wanda likita ya tabbatar tabarau ba zai yi masa ba, asibiti na ba shi kwantak a kan rangwamen kuɗi. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta kafa hukumar NHIA ta kuma wajabta inshora ga kowa, ta ba hukumar ikon tsara abin da inshora za ta ɗauka. Raba kwantak na lalura da na ado gyaran jimla ɗaya ne, kuma masu buƙatarsa ba su da yawan da za su girgiza asusu.

Kuɗi ba shi kaɗai ba ne. Robar da ake yanka gilashin da ita daga Amurka da Ingila da Japan take zuwa, ruwan wankinsa ma shigo da shi ake yi, kuma tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 farashin duk abin da ya tsallako teku ya ninka. Sai kuma hannu. Hukumar ODORBN, wadda aka kafa a 1989, ita ke yi wa masu auna ido rajista, kuma an daɗe makarantun wannan fanni suna Kudu, irin su Jami'ar Benin da ta Jihar Abiya, kafin Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe nata sashen. Manyan cibiyoyin da Arewa ta saba dogaro da su, Asibitin Ido na ECWA a Kano da aka kafa a 1943 da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, suna da nisa. Daga Maiduguri zuwa Kano kusan kilomita 600 ne ta Damaturu da Potiskum. Aikin yana, tafiya ɗaya ko biyu ce. Kwantak mai tauri kuwa tafiya huɗu ko biyar ce a shekarar farko, kuma telan Abbaganaram da zai rufe shago kwana uku kowace tafiya zai haƙura tun a ta biyu.

Mataimakan 'yan majalisa da ke tsara rumfunan duba ido na mazaɓa suna da abin da za su iya ƙarawa ba tare da kasafin ya kumbura ba. Gano 'yan kashi na uku ba ya buƙatar babbar na'ura. Akwai wani baƙin faifai mai ɗan ƙaramin huji da kowane mai auna ido ke da shi: idan matashi ya gani tar ta cikin hujin amma gilashi ya kasa kai shi nan, alama ce tantanin ya rasa tsari. Idan aka haska idonsa da fitilar awo ta hannu aka ga hasken na buɗewa yana rufewa kamar almakashi, alamar ta ƙara ƙarfi. Haka nan yaron da lambar CYL ɗinsa ke hawa duk shekara, ko ido ɗaya ya yi wa ɗaya nisa. Irin waɗannan takardar turawa asibiti suke buƙata, da suna da lambar waya a rajista ta dabam, da wanda zai kira bayan wata guda ya ji ko sun je. A asibitin da za a tura su kuma, kayan aikin a ƙidaye suke: na'urar taswirar tantani guda, akwatunan gwaji biyu ko uku na ƙanana da manya, mai auna ido da aka tura ya ƙware a kan wannan aiki, da yarjejeniya da masu yanka gilashi wadda ta haɗa da sake yankawa idan na farko bai zauna ba.